Ka yi juye mota ta fara rawa tana mutuwa: ina matsalar take?

Akwai wani ƙorafi da nake yawan ji a wajen 'yan uwanmu masu mota a nan Kudu, daga Agege da Idi-Araba zuwa Sabon Ibadan har Fatakwal. Mutum zai ce maka motarsa lafiya lau ya kai ta juye, aka zuba sabon baƙin mai aka canza filta, amma yana fitowa daga gareji ta fara rawa kamar mai zazzaɓi, in ya taka totur tana fizga, in ya tsaya a gosulo sai ta mutu. Ya koma wajen bakanike, shi kuma ya kaɗa kai ya ce masa da buroka ai dama injin ne ya gaji. Daga nan sai a shiga canje-canje: fulogi yau, koyil gobe, jibi a ce famfon mai ne. Kafin sati ya zagayo kuɗin hayar ɗaki ya tafi Ladipo, motar kuma tana nan jiya i yau.

Na daɗe ina zama a gareji-gareji ina kallon irin wannan, kuma abin da na lura shi ne, a mafi yawan lokuta matsalar ƙarama ce, kuma tana nan kusa da inda hannun bakanike ya taɓa. Amma akwai kaɗan daga ciki da in ka yi wasa da su, injin ɗin gaba ɗaya zai tafi cikin mintuna. Shi ya sa zan fara da su.

Fitilu biyu da ba a wasa da su

Idan jar fitilar nan mai siffar buta ta kama alhali inji yana aiki, kada ka ce bari in lallaɓa in kai gida. Ka sauka gefen titi ka kashe mota nan take, ko da a kan gadar Third Mainland kake, gara a ja ka. Wannan fitilar tana nufin mai ba ya zagayawa da ƙarfin da ya kamata, wato ƙarfe ne yake gogar ƙarfe. Bayan juye, abubuwa biyu ne suka fi jawo haka. Na farko notin da ake kwancewa a ƙasa a zubar da tsohon mai, ba a ɗaure shi da kyau ba. Na biyu kuma robar tsohuwar filta: wani lokaci in an cire filtar, robarta takan manne a jikin inji, yaron gareji bai duba ba ya ɗaura sabuwa a kai, roba kan roba. Za ta riƙe na ɗan lokaci, da ƙarfin mai ya taso sai ta balle, lita huɗu su zube a titi kafin ka kai mahaɗa ta gaba. Leƙa ƙarƙashin mota kawai zai nuna maka.

Fitila ta biyu ita ce ruwan ɗorawar nan mai hoton inji, wadda muke kira cek. In ta kama ta tsaya cak, za ka iya tuƙawa a hankali zuwa inda za a duba. In kuwa tana ƙiftawa, to kwamfutar motar tana faɗa maka wani silinda ba ya ƙona mansa, kuma ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa. Can akwai abin nan da makanikai suke kira indomi, mai tace hayaƙi. Ɗanyen fetur in ya isa wurin yakan kama da wuta a ciki har ya narkar da shi, kuma duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin na asali a kasuwa ya san ba abin wasa ba ne. Ga shi kuma fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda ya sauka cikin sabon man da ka biya kuɗi ka zuba, ya tsinka shi.

Me ake nufi da misin?

Inji mai silinda huɗu kamar mutum huɗu ne suke daka a turmi ɗaya, kowa da lokacin da zai sauke taɓaryarsa. Kowane silinda yana buƙatar fetur, da iska daidai gwargwado, da tartsatsin wuta daga fulogi, kuma duk su haɗu a lokacin da ya dace. In ɗaya ya tsallake bugunsa, shi ne ake cewa mota tana misin. A kan gudu ba ka cika ji sosai ba, domin sauran suna jan sa. Amma a silo, inda injin yake juyawa a hankali, wajen 700 zuwa 800 a minti ɗaya, bugu ɗaya in ya faɗi sai ka ji sitiyari yana karkarwa, in ka kunna esi kuwa sai ta mutu.

To ka lura, a cikin wannan lissafi babu baƙin mai. Aikinsa dabam ne. Saboda haka in misin ya biyo bayan juye, tambaya biyu ce: ko dai man ya je inda bai kamata ya je ba, ko kuma an taɓa wani abu a lokacin aikin.

An cika mai ya wuce ƙa'ida

Wannan shi ne na fi gani. Yawancin motocinmu masu silinda huɗu, irin Corolla da Camry da Accord, wajen lita 4 suke ɗauka, wasu da ɗan ɗori kaɗan. Kai kuma ka sayo galan mai lita 5. Yaron gareji ya buɗe ya juye duka, har yana girgiza galan ɗin kada ɗigo ya rage, a ganinsa alheri ya yi maka. Wani lokacin kuma ba a bari tsohon man ya gama tsiyaya ba, saboda akwai layin motoci, aka mayar da noti aka zuba cikakken awo a kan ragowar.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, man yana kwance ne a kaskon ƙasan inji, karanshaf kuma yana juyawa a samansa bai taɓa shi. In man ya yi yawa sai karanshaf ya riƙa dukansa kamar ana burga miya, ya tashi kumfa. Famfo ba ya iya tura kumfa da ƙarfi, sai ƙarfin mai ya ragu duk da cewa man ya yi yawa. Sannan akwai wani ɗan bawul a saman inji wanda ta nan injin yake numfashi, yana mayar da tururin ciki zuwa hanyar iska a ƙone shi. In man ya cika, ta nan yake bi ya shiga silinda, ya jiƙa bakin fulogi, wuta ta kasa tashi. Alamarsa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa da warin ƙonannen mai.

Dubawa ba ta buƙatar bakanike. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ba a kan gangara ko ƙafa ɗaya a kan kwalbati ba. Ka kashe ta, ka jira minti 5 zuwa 10 man ya sauko. Zaro geji, goge shi da tsumma, mayar da shi har ƙarshe, sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinsa, kuma a motoci da yawa tazarar da ke tsakaninsu kusan lita ɗaya ce. In man ya ɗara ta sama da ɗan kaɗan, kamar kaurin farce, ba abin tashin hankali ba ne. In ya wuce da faɗin yatsa ko fiye, ko ka ga kumfa a jikin gejin, a rage shi kafin a ci gaba da tuƙi. Bayan an rage za ta iya ci gaba da ɗan hayaƙi na wani lokaci har abin da ya shiga hanyar iska ya ƙone, fulogi kuma a ciro a goge.

Akwai wani kuskure da ba ya yawan faruwa amma in ya faru mummuna ne: a kwance notin giya a zaci na inji ne. Sai man giya ya zube, a zo a zuba sabon mai a kan tsohon da bai fita ba. Inji ya sami ninki biyu, giya ta tashi ba komai. In ka ga geji ya cika har wuya kuma giya tana jinkirin shiga ko tana zamewa, wannan ne, kuma motar ba ta sake motsawa sai an gyara.

Murfi, geji da tiyon iska

Yawancin motoci masu injekta suna auna duk iskar da ta shiga inji, ta wata 'yar na'ura da ke jikin tiyo bayan akwatin filtar iska, wadda makanikai ke kira eyafulo. Da wannan awon kwamfuta take yanke yawan fetur ɗin da za ta fesa. Duk iskar da ta saɗaɗo ta wata kafa ba a auna ta ba, tana ɓata lissafin: iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, mota ta riƙa rawa a silo tana mutuwa.

Murfin da ake buɗewa a zuba mai, in an manta shi a kan batir ko an ɗora shi a karkace, kafa ce. Geji in bai zauna har ƙarshe ba, kafa ce. Motocin Jamus, su Volkswagen da Mercedes da BMW, sun fi nuna wannan nan take, na Japan kuma wasu sukan ɗan jure. Amma babban mai laifi shi ne akwatin filtar iska. Ai kun san in an ce sabis, dole a ciro filtar iska a kakkaɓe ko a hura mata iska. Wajen ɗaga murfin akwatin ake cire soket ɗin eyafulo a manta ba a mayar ba, ko a mayar bai yi ƙas ba. Tiyon nan mai lanƙwasa-lanƙwasa kuma, a motar da ta shekara 15 ko 20, robarsa ta riga ta bushe. Ana lanƙwasa shi sai ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ka sa hannu ka shafa ƙasansa, ka matsa shi inji yana aiki, in sautin injin ya canza ko ka ji shiii, ka same ta. Na sha ganin an sayi koyil huɗu a kan tiyon da ya tsage.

Wankin inji

Wannan al'ada ce da ta kama mu sosai: an gama juye, mai ya ɗan ɗiga a jikin inji, sai a ce a kai wajen wanki a fesa masa ruwa ya yi ƙyalli. Fulogin motocin yanzu suna zaune ne a cikin rijiyoyi masu zurfi a saman inji, koyil yana rufe da kowanne. Ruwan da aka fesa da ƙarfi yana bi ta gefen roba ya kwanta a cikin rijiyar. Wuta kuma hanya mafi sauƙi take bi, maimakon ta tsallaka bakin fulogi sai ta bi ruwan ta tafi jikin inji. Haka ma in an zuba mai ba mazurari ya kwarara ciki. Maganin shi ne a cire koyil ɗaya bayan ɗaya, a busar da ramin da iska kafin a kwance fulogin, domin in an kwance da ruwa a ciki, silinda zai faɗa. A damina irin ta Legas da Fatakwal, inda iska kanta a jiƙe take, ruwan nan ba ya bushewa da kansa da wuri. Ni dai shawarata, tsumma da ɗan fetur ko kananzir a goge inda mai ya ɗiga ya wadatar. Ƙyallin inji sai mai sayar da mota.

In kuma ka tarar da baƙin mai a cikin ramin fulogin alhali ba a zubar ba, to robar murfin saman inji ce ta saki. Dama tana yoyo, juyen ne ya sa ka lura.

Rigimar kaurin mai

Nan ne muke samun saɓani da makanikai da yawa, har da dattawan da nake girmamawa. Sun tashi a kan Fijo 504 da 505 da Golf da danfo, waɗanda 20W-50 ya dace da su, sai suka ɗauka kowace mota haka take. Hujjarsu ita ce ƙasarmu da zafi, mai marar kauri ruwa zai zama. Amma lamba ta biyu a jikin galan, 30 ko 40 ko 50, ana auna ta ne a zafin digiri 100, kusan zafin da man yake aiki a cikinsa ko a Kanada kake ko a Mile 12. Wanda ya ƙera injin ya san da wannan. Motocin da aka shigo da su daga Amurka ma da yawa an rubuta a kan murfin man: 5W-30, wasu 5W-20, sababbi 0W-20.

Dalilin da ya sa abin ya shafi misin shi ne, injinan Toyota masu VVT-i da na Honda masu i-VTEC suna amfani da ƙarfin mai wajen matsar da lokacin buɗewa da rufewar bawul. Man yana bi ta wata 'yar raga da ƙananan hanyoyi zuwa wani bawul mai lantarki. In man ya yi kauri, ko ragar ta toshe, sai abin ya maƙale a matsayin gudu alhali kana silo, mota ta yi ta rawa ta mutu. Masu Accord ta 2003 zuwa 2007 sun san wani nau'in wannan: kana taka totur, allurar inji tana kaiwa wajen 3,000 sai motar ta riƙa fizga kamar doki ya ƙi linzami. Sau da yawa mai ne ya yi ƙasa ko ragar ta toshe.

Gaskiya, mai kauri shi kaɗai ba kullum yake kashe mota a ranar farko ba. Inda yake nuna kansa da wuri shi ne injin da dama ya tara dauɗa. A nan ne ma filoshin yake shigowa, wato a zuba kananzir ko gas ko wani ruwan kwalba a kunna inji wai a wanke cikinsa. Injin da ya shekara da shekaru ana jinkirta masa juye yana da baƙin laka manne a ciki. Filoshin yana ɓamɓaro ta gaba ɗaya, ta tafi ta toshe ragar da famfo yake zuƙar mai ta ciki, da ragar VVT ɗin. Mota ta shigo da ƙafarta ta fita da jar fitila. In injinka ya yi dauɗa, gara ka yi juye biyu ko uku kusa da kusa da mai mai kyau.

Sai jabu. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwannin ƙasar nan, wani tsohon mai ne aka tace aka zuba a sabon galan. Filta ma haka, akwai wadda in ka yanka ta za ka ga takardar ciki ba ta kai ta kirki ba, tana iya lotsewa ta tare hanya. Ka sayi manka da kanka a gidan mai ko wajen dila da ka sani, a buɗe shi a gabanka, galan ɗin kuma ka tafi da abinka ko ka huda shi.

In an canza fulogi ko an cire batir

Sau da yawa juye ba ya zuwa shi kaɗai, ana haɗawa da fulogi. Sabon fulogi ba ya nufin lafiyayye. Akwai jabun iridiyom a kasuwa cikin kwali mai kyau, akwai wanda ba lambar motarka ba ce, akwai wanda ya faɗi ƙasa farin jikinsa ya tsage. A motoci masu wayar fulogi kuma akan sarƙe wayoyin. Yawancin masu silinda huɗu tsarin bugunsu 1-3-4-2 ne, waya biyu in suka yi musaya mota za ta yi ta tari tana harbi a salansa. Shi ya sa nake cewa kada ka bar tsofaffin fulogin a gareji. In matsala ta taso, mayar da su shi ne gwaji mafi arha.

In an cire kan batir, ko an wanke maƙogwaron totur, wasu motocin sukan manta silon da suka saba, su riƙa mutuwa a tsaye na kwana ɗaya ko biyu kafin kwamfuta ta sake koyo. Wasu, musamman Nissan, sai an yi musu saitin da gangan.

A sa kwamfuta kafin a sayi komai

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Kuɗin sa kwamfuta bai kai na koyil ɗaya ba. P0300 yana nufin misin a silinda daban-daban, wanda ya fi nuna iska ko fetur. P0301 zuwa P0304 suna faɗa maka lambar silindan da ke tsallake. P0171 iska ta yi yawa, ka koma kan tiyo da murfi. P0100 zuwa P0104 eyafulo ne ko soket ɗinsa. P0011 da P0012 lokacin bawul ne, ka koma kan mai. P2646 kuma ita ce ta Honda da na ambata. Ka ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin a goge, domin wasu gogewa kawai suke yi fitila ta mutu su karɓi kuɗi.

In ta nuna silinda ɗaya, misali P0302, a ɗauke koyil na biyu a musanya shi da na uku, a goge, a sake kunnawa. In ta koma P0303, koyil ɗin ne, guda ɗaya za ka saya. In ta tsaya a na biyu, a musanya fulogi haka nan. In har yanzu tana nan, sai a duba nozul da ƙarfin matsin silindan.

Kuma a yi wa bakanike adalci, wani lokacin faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Da yawanmu muna fita daga gareji mu wuce gidan mai. Waɗanda suke Legas a Fabrairun 2022 sun tuna fetur ɗin da aka shigo da shi mai yawan methanol, yadda motoci suka yi ta mutuwa a titi. Ruwa a tankin gidan mai lokacin damina ma yana yin haka. Ka tambayi kanka ko ka sha mai a sabon wuri a ranar.

Komawa gareji

Ka koma a ranar, ko washegari da safe, kafin wani ya taɓa motar. Da zarar bakanike na biyu ya sa sifana, na farko ya sami mafita. In Yarbanci ko burokarka ba ta kai ta jayayya ba, ka tafi da wanda ya iya, kuma kada ka shiga da zargi. Ka ce a auna mai tare, a duba soket da tiyo tare, ka nuna hoton lambobin. In abin ya ƙi, yawancin gareji-garejin nan suna da ƙungiya da shugaba, kuma kai ƙara wurinsu ya fi ɗaga murya a bakin titi, musamman gare mu da muke baƙi a unguwa.

'Yan uwa masu babur da keke, ku ma abin ya shafe ku. Boxer wajen lita ɗaya take ɗauka, in an ɗara sai man ya bi tiyon numfashi ya jiƙa filtar iska, mashin ya riƙa shaƙewa yana cin fulogi. Kuma kulocinta a cikin mai yake, saboda haka ragowar man mota marar kauri na iya sa shi zamewa. A nemi wanda aka rubuta 4T a jiki.

Sai masu tafiya gida da Sallah ko biki. Legas zuwa Kano tafiyar kilomita dubu ce ko kusa da haka, kuma mun saba a yi juye da yamma a ɗau hanya da asuba. Duk abin da na lissafa a sama, daga roba kan roba har tiyon da ya tsage, galibi da wuri yake bayyana. Ka yi juyenka kwana uku kafin tafiya, ka zaga da motar cikin gari da esi a kunne, kowace safiya ka zaro geji ka leƙa ƙasa inda ta kwana. Noti in zai yi ɗigo, gara ya yi a ƙofar gidanka a Agege da ya yi tsakanin Jebba da Mokwa da iyali a cikin mota.